Gurnani Mai Wufa da Mijin Auta

Duk layin masu gyaran motan nan babu wanda zai iya gaya maka ranar da aka fara kiransa Gurnani. Wasu sun ce sana'arsa ce ta jawo masa sunan, don tun safe har la'asar shagonsa ba ya fitar da komai sai wata ƙara mai tasowa daga ƙasa, wadda mutum ke fara jin ta a ƙirji kafin ta iso kunne. Wasu kuma sun ce ƙarya ne, sunan ya girmi sana'ar, tun yana yaro haka yake amsa gaisuwa, da maƙogwaro, baki a rufe. Ƙanwarsa Auta, wadda ta fi kowa saninsa, tana bayan masu magana ta biyun.

Wufa yake sayarwa, wato babbar sifikar nan mai fitar da kaurin sauti a mota, kuma duk na hannu ne. Sau biyu a mako yakan tafi wurin masu kwance motocin da suka yi haɗari, ya tsuguna cikin tarkace yana tono. In ya ciro wufa sai ya danna fatarta da yatsu uku a hankali, ya kasa kunne ko zai ji tana gugar wani abu a ciki. Sannan ya kai ta hanci. In ya ji ƙaurin ƙonewa, jifa yake yi da ita a gaban mai kayan, ya ce, "Gawa kake so ka sayar mini?" Wadda ta tsira sai ya kawo ta shago, ya goge ta, ya liƙe inda ya ɓare, ya sake mata dalma a bakin waya.

Amma ba sayarwar ce ta fito da shi ba, ɓoyewar ce. Samarin da ke son ƙaton akwati a but ɗin bayan mota, a riƙa jin su tun daga kwanar layi, korar su yake yi. Nasa aikin shi ne ka shiga mota ka ji kujera na rawa a ƙarƙashinka, ka duba gaba ka duba baya ka rasa daga ina. Yana cusa wufa a ƙarƙashin kujera, ko a ramin safayar taya, ko a bayan kwalin gefen but, ya ja wayoyinsa ta ƙarƙashin kafet, ya mayar da komai yadda ya same shi. Saboda haka masu zuwa wurinsa kusan duk masu abin ɓoyewa ne: direban da ke tuƙa motar maigidansa, ɗan da ke ɗaukar motar ubansa, magidancin da matarsa ta ce but ɗin na kayanta ne, da mai tsoron kada ɓarawo ya leƙa ta gilashi ya ga abin ɗauka. Gurnani yana yi musu aikin, kuma yana raina su gaba ɗaya. "Ku dai ba ku da gaskiya," haka yake cewa yana kwance a ƙarƙashin sitiyari. "Da kuna da ita, da ba ku san hanyar shagona ba." Su yi dariya, sun ɗauka wasa ne.

Shi kansa ba ya jin kiɗa. Wani kiɗan ganga guda ɗaya ne da shi, marar waƙa, da shi yake gwada kowace mota shekara da shekaru, yana gamawa ya kashe. Ubansa mai gyaran rediyo ne, mutum mai saurin hannu. A wurinsa ya koyi riƙe ƙarfen dalma, a wurinsa kuma ya koyi cewa in waya ta kwance, mari ne ke biyo baya. Da rediyo ta daina kawo abinci, Gurnani ya koma motoci. Ya yi aure sau ɗaya. Shekara huɗu matar ta yi, sannan ta haɗa kayanta, ta ce zama da shi da zama da bango duk ɗaya ne, sai dai bango ba ya harara. Tun daga nan Auta ce ke leƙa shi, ta kawo masa abincin rana, ta kwashe masa wanki, ta yi masa faɗa ya yi mata shiru.

Mai Kushin, wani mai ɗinkin kujerun mota, ya zo layin ne da keken ɗinki ɗaya da almakashi, ya kama shagon da ke manne da na Gurnani. Ranar da Gurnani ya ga aikinsa na farko, ya juya kujerar ya sake juyawa, ya nemi inda aka farke ya rasa. Abin da ya daɗe yana nema ke nan, wanda zai buɗe kujera, ya rage soso, ya rufe, mai mota ya zauna bai ji an taɓa komai ba. Suka fara aiki tare, shi ya yi waya, wancan ya yi fata da soso. A nan Mai Kushin ya ga Auta, a bakin ƙofa da kwano a hannu. Da ya zo da maganar aurenta, Gurnani bai ko ɗago ba, ya ce, "In ta yarda, ni ina ruwana." Aka yi aure.

Shekara tara suna tare, kuma ba a yi rana ɗaya da Gurnani bai ji haushinsa ba. Mai Kushin mutum ne mai baki. Ya san 'ya'yan kowa a layin, yana da benci mai laushi a shagonsa, nan masu mota ke zama su jira, yana ba su labari suna ƙyaƙyata dariya, Gurnani na can cikin but gumi na shiga masa ido. In an gama, Mai Kushin ne zai fito ya dafa rufin motar, ya ce, "Ka ji aikinmu?" Wannan "mu" ɗin ita ce ke ƙona wa Gurnani rai.

Abin ya fashe ne ranar da wani mai mota ya yi ƙorafin tsada. Mai Kushin, a gaban mutumin, ya ce, "Yaya, ai wannan ƙatuwar wayar da kake sawa ita ke jawo tsadar, da fiyus ɗin nan naka. Na ga wasu na sa 'yar siririya, kuma tana yi."

Gurnani ya fito daga motar a hankali, ya goge hannu. Bakaniken layin da mai fenti suna tsaye suna ji.

"Kai, tela. Wa ya tambaye ka?"

"Shawara ce kawai, Yaya."

"Shawara! Ka san abin da ke bin cikin waya? Allura da zare ka sani, su ma don na ɗauke ka ne ka ci abinci da su. Ka auri ƙanwata, ka zauna a inuwata, yanzu kuma za ka koya mini aikina a gaban mutane? Koma kan kekenka."

Mai Kushin ya yi wani murmushi wanda bai wuce leɓe ba, ya koma. Bayan kwana goma aka ga sabon allo a saman ƙofarsa: ana ɗinkin kujera, ana haɗa wufa ta ɓoye, da sauƙi.

Daga ranar layin ya shiga uku. Gurnani ya ɗauko wufarsa mafi girma ya jingina ta da bangon da ke tsakaninsu, kullum da safe ya sakar mata gangarsa, har dunƙulen zare su riƙa faɗowa daga kan kanta a shagon Mai Kushin. Shi kuma Mai Kushin ya riƙa share ɓarɓashin soso ya tara a bakin ƙofar Gurnani, ya koma zama a bakin layi, duk motar da ta rage gudu ya tare ta da fara'a. "Wufa? Ku zo nan. Wancan tsohon zagi kawai zai sayar muku." In sun haɗu a wurin famfo, kowa ya nemi wurin kallo. Auta ta ci gaba da zuwa da kwano biyu. Gurnani ya ce shi ba ya cin abin da aka dafa da guminsa da aka sace. Ta ce to naka da gumin ɗinki aka dafa. Ya ce duk tukunya ɗaya ce. Ta riƙa ajiyewa a kan tebur, in ta dawo ta tarar da shi a rufe yadda ta bari.

Kuma yana ganin komai, don ƙofarsa na kallon filin da Mai Kushin ke aiki. Ya ga naɗin wayar da ya sayo, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila a ɗaki. Ya ga yana murɗa bakin waya da yatsa ya naɗe da salatif, babu dalma. Ya ga yana jan wuta daga kan batir kai tsaye, babu fiyus. Yakan tsaya da ƙarfen dalma a hannu yana kallo, ya taɓe baki, ya koma ciki. A ransa yana cewa, bari dai.

A wata na bakwai wani direba, siriri mai yawan waige-waige, ya kawo wata doguwar farar mota. Ta uwar ɗakinsa ce, mai babban kemis. Wurin Gurnani ya fara tsayawa, ya ce yana so a sa masa a ƙarƙashin kujerar baya, kuma a gama kafin ƙarfe biyu, don ya ce mata wanki ya kai motar. Gurnani ya ce aikin wuni ne, in ba zai iya jira ba, ga hanya. Direban ya ja motar taku goma zuwa ƙofa ta gaba. Kafin azahar an gama masa, ya tafi yana gyaɗa kai.

Mako uku bayan haka, da rana tsaka, aka jawo farar motar cikin layin. Gilashin baya ya yi baƙi ƙirin, kujerar baya ta narke har ana ganin ƙarafunanta, warin ƙonanniyar fata ya riga motar isowa. Daga tasi a bayanta wata dattijuwa ta fito, da tabarau, hannunta na hagu naɗe da bandeji, direban na biye da ita.

"Ina mai wufa na layin nan?"

A layin, in an ce mai wufa, mutum ɗaya ake nufi. Idanu suka juya kan Gurnani.

Ta tako har gabansa. "Kai ne? Kai ne ka dasa mini wuta a ƙarƙashin wurin zamana? Ina zaune a tsakiyar titi na ji zafi na tasowa. Da hannun nan na buɗe ƙofa na fita. Ban ma san da wani abu a motata ba sai da wannan munafukin ya faɗa da bakinsa." Direban ya buɗe baki zai yi magana, ta daka masa tsawa. "Rufe mini baki, naka na ji!" Ta juyo ga Gurnani. "Yau sai ka kwana a hannun 'yan sanda."

Gurnani ya dubi ƙofa ta gaba. Mai Kushin na tsaye da almakashi a hannu. Idonsu ya haɗu. Gurnani ya jira, ya ba shi lokaci. Mai Kushin ya sunkuyar da kai, ya juya ya shige, sai aka ji keke ya fara tafiya.

Wani abu ya sauka a ƙirjin Gurnani. Ba fushi ba ne, wani sanyi ne mai daɗi da ya daɗe yana jira.

"Baiwar Allah, ba ni minti goma. In aikina ne, da ƙafata zan bi ki." Ya ɗaga murya. "Ku matso! Mai fenti, matso. Bakanike, ajiye abin da kake yi."

Ya buɗe gaban motar. "Ga batir. Ga wayar da aka ja. Ina fiyus? Fiyus shi ne ɗan abin da ke yankewa in wuta ta yi yawa, ya mutu shi kaɗai, mota ta tsira. Wa ya ga fiyus a nan?" Ya ɗaga kafet ya bi wayar, tana karyewa a yatsunsa kamar busasshen tsinke. Da ya kai kujerar baya ya nuna inda aka bi da ita ta ƙarƙashin ƙarfe. "Duk lokacin da kika zauna, ƙarfen nan yana cizon ta. Mako uku yana ci har ya kai ga tagulla." Ya shiga shagonsa ya yanko guntun tasa wayar, mai kaurin yatsa, ya ɗora mata su biyun a tafin hannunta mai lafiya. "Wannan tawa ce. Waccan ta fitilar ɗaki ce. Ki tambayi duk wanda ke tsaye a nan ko ya taɓa ganin irinta a hannuna."

"Bai taɓa sawa ba," in ji bakaniken, da alama ba da son ransa ba.

Gurnani ya jawo gefen kujerar da wuta ba ta ci ba. "Yanzu duba nan. An farke kujerar nan an mayar. Nuna mini inda aka farke." Ta gyara tabarau, ta bi da yatsa, ta rasa. "Ba za ki gani ba. Duk garin nan mutum ɗaya ne ke da wannan hannun. Ga shi can, kina jin kekensa."

Haka ma ya isa. Amma Gurnani bai tsaya ba. Ya je bakin ƙofar Mai Kushin ya buga ta da tafin hannu. "Fito, injiniya! Fito ka ji aikinmu!"

Keken ya tsaya. Mai Kushin ya fito, fuskarsa ta yi fari fat. "Yaya, don Allah..."

"Ni ba yayanka ba ne. Kana ji za a tafi da ni, ka koma kan keke. Gaya mata mota nawa ka yi wa haka. In ka manta, ni ban manta ba. Goma sha ɗaya na ƙirga da idona."

Mai kemis ta dubi Gurnani ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa. Ta miƙa hannu ta karɓi makullin gida daga direban, ta ce kada ta sake ganinsa. Sannan ta kira 'yan sanda. Kwana biyu Mai Kushin ya yi a hannunsu, bai fito ba sai da ya ɗauki nauyin gyaran motar, kuma kekunansa biyu da duk fatun da ke shagon a kan haka suka tafi.

A rana ta uku da hantsi Auta ta zo, hannunta babu komai. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Gurnani na zaune yana liƙe wata wufa.

"Yaya."

"Mm."

"An ce goma sha ɗaya ka ƙirga."

"In mijinki ne ya aiko ki, koma ki ce masa ba na nan."

"Babu wanda ya aiko ni. Shi na gama da shi a gida. Ya yi wauta, ya yi rashin kunya, ya tsaya yana kallo za a tafi da kai, kuma na gaya masa abin da bai taɓa ji daga bakina ba. Kai na zo tambaya. Wata bakwai kana kallon wayar nan ta ƙofarka. Ka san za ta kama?"

"Duk mai ido ya sani."

"Shi bai sani ba. Ni ban sani ba. Matar nan ba ta sani ba. Kai kaɗai ka sani."

"Na gaya masa."

"Zagin sa ka yi. Zagi daban, faɗa daban. To ni fa? Kullum ina shigowa nan da kwano. Me ya hana ka ce, Auta, gaya wa mijinki zai ƙona mutane?"

Ya ajiye gam ɗin da ƙarfi. "Ni na sa shi ya rataya allo? Ni na ce ya tare mini mutane a bakin layi? Shi ya ce ya iya. Na bar shi da iyawarsa."

"Da ƙofar motar ta ƙi buɗuwa fa? Da da jikokinta a ciki?"

"Ai ta buɗu."

Auta ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Wallahi Yaya, har Baba ka fi. Shi in ya mare ka, yana gaya maka dalili." Ta gyara mayafinta. "Ka ci nasara. Sai ka zauna da ita."

Ya bi ta da ido har ta fita layin. Ya so ya kira ta, har ya gyara murya, sai ya tuna keken nan da ya fara tafiya ranar, ya ɗauki gam ɗinsa ya ci gaba.

Labarin gobarar ya bazu. Cikin mako biyu sauran motocin da Mai Kushin ya haɗa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu su a tsorace, wani ma turo tasa aka yi don ya cire kan batir ya ƙi mayarwa. Gurnani ya farke su duka, ya zare siririyar waya ya sa tasa, ya ɗaura fiyus, kuma babu wanda ya tafi bai sha zagi ba. Tara suka zo. Ta goma bai san inda ta yi ba, kuma ya tambayi bakaniken sau biyu ko ya gan ta, abin da bai saba yi ba.

Mai Kushin bai dawo layin ba. Ya samu aiki a ƙarƙashin wani mai kujerun falo a can ɗaya gefen gari, yana ɗinki a kan keken da ba nasa ba. Wani mai sayar da batir ya kama shagon. Gurnani ya gwada masu ɗinki uku, ya kore su duka, ɗaya ma da kujerar ya jefe shi, don ɗinkinsu ko makaho ya shafa zai gane an taɓa. Daga baya ya daina karɓar duk aikin da sai an farke kujera, ya tsaya a ramin taya da gefen but. Aikin ya ragu. Kunnensa na hagu ma ya fara nauyi, yanzu sai ya dafa fatar wufa da tafin hannu yake gane lafiyarta.

Bayan shekara guda bakaniken ya zo masa da saƙo, wai Mai Kushin yana so ya zo su yi magana, in za a saurare shi. Gurnani na kwance a cikin but ɗin wata mota, ƙafafunsa a waje. Ya daɗe bai amsa ba, har bakaniken ya ɗauka bai ji ba, ya maimaita da ƙarfi.

"Na ji ka. Ba kurma ba ne ni," in ji Gurnani. "Ya san hanya."

Bakaniken ya kai amsar yadda aka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba. Mai Kushin bai zo ba. Gurnani ma bai je ba.